Noti Goma Sha Ɗaya a Hasumiya ta Tara

Ƙarfe shida da rabi ba ta cika sai Baba Noti ya jingine babur ɗinsa a gindin ɗakin maigadi. Ba ya gaisawa da kowa tukuna. Sai ya ɗaga kai ya bi fankokin nan ashirin da huɗu da ke jere a kan tudu da kallo, ɗaya bayan ɗaya, leɓensa na motsi. In ya kai ta ƙarshe ya ga kowacce na juyawa yadda ya kamata, sannan ya juyo ya ce, "Maigadi, ina kwana?" Maigadin ya yi shekaru yana jin haushin wannan hali, daga baya ya gaji ya haƙura.

Daga nan sai ɗakin kaya. Igiyar tsaro, hular kwano, safar hannu, oba-oba, da alƙalamin fenti ruwan ɗorawa wanda yake sokewa a aljihun ƙirji. Ya sha manta abincin rana a gida, ya sha manta maganin gwiwarsa, amma wannan alƙalami ko sau ɗaya bai taɓa barinsa ba.

Ga wanda bai taɓa zuwa wurin ba, abin da ma'aikata ke kira fanka inji ne mai fukafukai uku. Iska ta juya fukafukan, su kuma su juya janareto, wuta ta bi waya ta iso ɗakunanmu, mu danna makunni ba tare da mun ce wa kowa sannu ba. Injin yana zaune ne a kan hasumiyar ƙarfe mai tsayin mita tamanin, ita kuwa hasumiyar gaɓa uku ce aka ɗora bisa juna. A kowace mahaɗa akwai noti ɗari da ashirin da suka kewaye ta daga ciki, kowanne kaurin wuyan hannun ƙato. Duk turin da iska ke yi wa kan fanka, a wuyan waɗannan notuna yake sauka. Shekara goma sha tara ke nan Baba Noti na hawa tsanin cikin hasumiya yana ɗaure su, bayan ya baro kanikancin manyan motoci. In ka tambaye shi aikinsa zai ce maka, "Noti nake ɗaurewa." Mutane kan ɗauka tawali'u ne, alhali iyakar gaskiyar ke nan.

Aikin yana da ƙa'ida guda wadda ta fi kowacce. In an ɗaure noti da injin ɗauri har ya kai awonsa, sai a ja layin fenti daga kan notin zuwa jikin ƙarfen. Ran da notin ya fara saki, layin zai rabu biyu, kowa ya gani. Mai duba aiki ba ya iya taɓa noti dubu takwas da hannu, layi yake dubawa. Don haka layin nan rantsuwa ce: wanda ya ja shi yana cewa ne, na ɗaure, ku taka da kwanciyar hankali. A ma'aikatar nan kuwa, layin Baba Noti ya fi sa hannun kowa daraja.

Sun ga abin da suka gani ne. Sun ga ranar da 'yan kwangila suka gama zagaye guda suka ce ya sa musu hannu, ya ɗauki 'yar guduma ya bi notunan yana ƙwanƙwasawa, ya sa suka sake aikin daga farko, suna ta zaginsa a ciki. Dogo, abokin hawansa na shekara goma, yakan ce Baba ko murfin gorar ruwa ya rufe sai ya laluba aljihu yana neman fenti. Matarsa Hajiya ma tana da nata ƙorafin. Ta ce duk famfon da ya rufe a gidan nan, sai ta jira ya dawo daga aiki kafin ta samu ruwa.

To, da a ce yabon mai hannu da kyau kawai na zo yi, da na tsaya nan. Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami kuskure ne, kuma shi Baba Noti ne ya yi shi.

Sai na ɗan yi bayanin yadda wannan sana'a ke ci da kanta, don a gane nauyin abin. Ana cewa iska kyauta ce, kuma haka ne: ba a sayen mai, ba a jiran tanka. Sai dai kyautar tana da hali. Duk tsadar abin an zuba ta tun ranar da aka kafa ƙarfen, abin da ya rage shi ne fanka ta yi ta juyawa tana rama wa masu ita. Iska kuwa ba a ɗura ta a buhu a ajiye. Wadda ta wuce fanka na tsaye ta wuce ke nan. Ga wani abin kuma: in gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin da ke cikinta sau takwas yake ninkawa. Shi ya sa watanni huɗu na iska mai ƙarfi su ke ciyar da sauran takwas na shekara. A cikin watannin nan, duk wanda ya buɗe baki ya ce a tsayar da fanka, gara ya taho da hujjarsa a hannu.

Ana saura 'yan kwanaki watannin iska su kama, aka tura Baba Noti da Dogo hasumiya ta tara su canja noti talatin da suka yi tsatsa a mahaɗa ta biyu. Yadda ake yi, kowane sabon noti a fara matse shi da sifana ta hannu, in an gama a dawo a bi su da inji, ana ɗaurewa ana jan layi. Suna cikin zagaye na biyu sai gari ya fara haɗa hadari.

Dogo ya ce, "Yaya, ka ga sama kuwa? Ba ni fentin in riƙa ja maka a gaba, kai kana bi da inji. Mu gama mu sauka."

Shekara goma Dogo na kawo wannan shawara, shekara goma ana ce masa a'a. Amma ran nan gwiwar Baba na zugi, hankalinsa kuma na gida, don Hajiya ta tashi da ciwon kai. Ya zaro alƙalamin ya miƙa masa, ya ce, "To, ja."

Dogo ya bi notunan da sauri ya kai ƙarshe. Baba ya gama ɗaure na goma sha tara ke nan oba-oba ta yi ƙara: "Masu aiki a ta tara, an ga walƙiya. Ku sauko yanzu." Ba a musu da wannan kira a cikin dogon ƙarfe. Suka bar komai suka sauko. Ƙafarsa na taɓa ƙasa wayarsa ta buga, aka ce Hajiya ta faɗi, an yi asibiti da ita, jininta ya hau. Kwana tara ya yi a gefen gadonta, bai san ma akwai wata aba wai ita iska a duniya ba. Dogo kuwa a ransa an gama aiki, tun da shi layi ya ja kuma ya kai ƙarshe. Mai duba aiki ya hau, ya ga layi talatin sambal, ya sa hannu. Aka sauko da kaya, aka saki fanka.

Allah ya ba Hajiya sauƙi ta dawo gida da ƙwayoyi da wata takarda mai gida-gida da likita ya ba ta, wadda za ta riƙa jan layi a kai duk sanda ta sha magani. Wata safiya, kwana goma sha takwas da saukowarsu daga ta tara, Baba na ɗaure takalmi ya ce, "Hajiya, kin sha maganin?"

"Ba ka ga takarda ba? Na ja layi."

Ya dubi takarda, layi na nan. Ya dubi faranti, ƙwaya ma na nan.

"Wannan fa? Ƙanwarta ce?"

"Ruwa na je ɗaukowa maƙwabciya ta yi sallama. Yanzu zan sha. Kai Malam, ka fiye sa ido."

"Sau nawa zan gaya miki? A sha tukuna, sannan a ja layi. Ai duk wanda ya ga layin nan cewa zai yi an..."

Bai ƙarasa ba. Ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa, gumi ya keto masa. Hajiya ta ruɗe ta kama hannunsa. "Malam, kai ma naka jinin ne?"

Ya ce, "Goma sha ɗaya."

"Goma sha ɗaya me? Ƙwaya ɗaya likita ya ce."

Ran nan bai ƙirga fankoki ba. Idonsa ta tara ya nufa kai tsaye, ga ta can tana juyi iyakar ƙarfinta cikin iskar da aka yi wata takwas ana jira, da noti goma sha ɗaya a jere waɗanda hannu kawai ya matse, kowanne da layinsa mai kyau. Saura masa mako shida ya yi ritaya. Har an riga an ba da aikin allon girmamawarsa, kuma akawu ya tsegunta masa abin da za a rubuta a kai: shekara goma sha tara babu kuskure.

Ya ja Dogo bayan ɗakin kaya ya gaya masa. Dogo ya dafe kai, ya zame ya tsuguna.

"Yaya, ka rufa mana asiri. Nan da kwana ashirin akwai hawan shafa giris a ta tara. Mu nemi a sa mu a ciki, mu ɗaure su shiru, ba wanda zai ji. Ni 'ya'ya biyar gare ni, kai kuma ga allonka. Don Allah, yaya."

Ba zan ɓoye ba, tun da shi ma bai ɓoye ba: Baba ya ce a ransa ya yarda da maganar Dogo na tsawon lokacin da za a sha shayi kofi ɗaya. Mutum ne shi, yana son sunansa, yana kuma tausayin abokinsa. Abin da ya dawo da shi hanyar da ta bi ta gindin ta tara ce, wadda makiyaya ke ratsawa safe da yamma. Ya kuma tuna cewa duk wanda zai hau hasumiyar nan gaba, layin nan zai duba ya ce ai na Baba ne, ya wuce hankali kwance.

Ya ce, "Dogo, kwana ashirin fa ka ce. Ka je ka roƙi iska ta jira mu?"

Ya wuce ɗakin lura, inda manajar wurin, wadda kowa ke kira Injiniya, take zaune gaban allon kwamfuta. Mace ce mai kaifin baki, ba ta ɗaukar wargi, kuma safiyar nan dariya ma take yi, abin da ba kasafai ake gani ba, don fankoki ashirin da huɗu duk kore suke nunawa.

"Ranki ya daɗe, a tsayar da ta tara."

"Baba, ka ga allon nan kuwa? Rabonmu da mako irin wannan tun shekara uku. Me ta yi?"

"Ita ba ta yi komai ba. Ni na yi."

Ya zayyana mata abin da ya faru, sai dai bai kama sunan kowa ba. Dariyar ta ɗauke.

"Amma mai duba aiki ya sa hannu."

"Layi ya duba, ranki ya daɗe. Layin ne na ƙarya."

"Wa ya ja shi?"

"Ni na ce a ja."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

"Ita ce amsar da nake da ita."

Ta ce, "Ka san dole in rubuta wannan, ko? Zai shiga fayil ɗinka, ga ka a bakin ƙofar fita."

"Rubuta, ranki ya daɗe. Amma ki fara tsayar da ita."

Ta danna. Ta taga suka ga fukafukan ta tara sun juya gefensu ga iska, gudunsu ya yi ta raguwa har suka tsaya cak. Ta sa aka kewaye wurin da igiya, aka rufe hanyar makiyaya. Kafin azahar babban ofis ya kira ta sau huɗu.

Tsayar da fanka ya rage wa hasumiya nauyi, amma bai gaya wa kowa ɓarnar da aka riga aka yi a sama ba, kuma iskar ta fi ƙarfin a hau. Kwana uku aka yi ana jira. Fankoki ashirin da uku na juyawa, ɗaya na tsaye a tsakiyarsu, duk wanda ya wuce sai ya tambaya. Masu baki suka samu abin yi, har da masu cewa wannan karon notin kan Baba Noti ne ya kwance. Shi dai kullum sai ya ɗauki kujera ya zauna a bakin igiyar yana mayar da shanu da masu su, abincin da Hajiya ta zuba masa ya koma gida yadda ya zo. A rana ta biyu Dogo ya kasa jure kallonsa, ya shiga ofis da ƙafarsa ya ce hannunsa ne ya ja layin. Injiniya ta ce ta sani tun ranar farko, tsayinsa take jira ya yi masa amfani.

Safiya ta huɗu iska ta lafa. Su huɗu suka hau: Baba a gaba, sai Dogo, sai mai duba aiki da na'urarsa ta gano tsagewar ƙarfe, sai Injiniya da kanta. Da suka kai dandamalin mahaɗa ta biyu Baba ya haska tocila. Layi bakwai sun rabu. Noti biyu sun karye, kawunansu na kwance a kan dandamali. Bakin mahaɗar ya ɗan buɗe, yadda tsinin wuƙa zai shiga. Dogo ya fara salati.

Abin da ya rage a sani shi ne ko ƙarfen hasumiyar kansa ya tsage. In ya tsage, sai an kawo motar ƙugiya mai ɗaga kaya an sauke kan fanka gaba ɗaya, shekarar ta tara ta tafi, wataƙila ma ta tafi ke nan har abada. Mai duba aiki ya durƙusa ya bi zagayen da na'urarsa taki-taki. Fiye da awa guda yana bi. Da ya dawo inda ya faro sai ya kashe na'urar, ya share goshi.

"Ƙarfen lafiyarsa ƙalau. Amma da ta ƙara mako ɗaya a cikin iskar nan, kada ma ku tambaye ni."

Baba ya zauna a kan dandamali, dattijo mai furfura, ya rufe fuska da safar hannu mai baƙin giris yana ta hamdala, hawaye na zuba. Injiniya ta juya baya tana gyara hularta da ba abin da ya same ta, sannan ta ce, "Baba, in kuka za ka yi, maƙala igiyarka tukuna." Dogo ya fashe da dariya, har da shi mai kukan. Wannan dariya ta mita hamsin a sama, waɗanda suka yi ta sun ce ba su taɓa yin mai daɗinta ba.

Aka canja notunan wannan gefe duka. Baba ya ɗaure kowanne, ya ja wa kowanne layi da hannunsa. Kwana shida ta tara ta yi a tsaye cikin iska mafi albarka a shekarar, kuma wannan wuta ba ta dawowa. Shi da Dogo kowa ya samu takardar gargaɗi. Dogo na nan a bakin aikinsa. Allon girmamawa kuwa aka mayar wa mai sassaƙa ya cire kalmomi biyu na ƙarshe.

Makon jiya aka yi masa taron ban kwana a ɗakin cin abincin ma'aikata. Da Injiniya ta miƙe, ba takarda ta fito da ita ba. Karyayyen kan noti ta ajiye a kan tebur, da ragowar layin ruwan ɗorawa a jikinsa. Ta ce tun daga ranar, ƙa'ida ita ce alƙalamin fenti a aljihun mai riƙe da inji yake zama. Ta ce mai duba aiki ma yanzu da guduma yake hawa. Sannan ta ce shekara bakwai tana shugabancin wurin, ba wanda ya taɓa shigowa ofishinta ya kawo ƙarar kansa, amma cikin makonni shida da suka wuce mutum biyar sun shigo. Ɗaya ya manta tsumma a cikin akwatin giyar injin fanka. Hajiya na zaune a gaba tana gyaɗa kai, tana gaya wa ta kusa da ita cewa ai ƙwayarta ce ta ceci hasumiyar, amma ba wanda ya yi mata allo.

Baba Noti, kai ne wanda ya ɗauki sunan da ya yi shekara goma sha tara yana ginawa, ya ajiye shi a kan teburin shugabarsa, ya ce a ɗauka a bar hasumiya. Kai ne aka ba ka hanyar rufin asiri, mai sauƙi, wadda da wuya a kama ka, ka duba ka ga akwai mutane a ƙarƙashinta. Ba ka tura abokinka gaba don ka ɓuya a bayansa ba. Mai layin gaskiya, masu ɗaure noti da kyau suna da yawa, kuma kai ma kana cikinsu. Waɗanda ke dawowa su ce ban ɗaure ba su ne ba mu da su.

Mun gode. Makiyayan da ke bi ta gindin ta tara ba su san sunanka ba, mu da ke danna makunni ma haka, amma mun gode. Allah ya ba gwiwar nan hutu, ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya kuma ba ta haƙurin zama da kai yini guda cur, don na ji tuni ka ƙwace biron takardar maganinta ka soke a aljihun ƙirji.

Mu kuma da muka rage a bakin aiki, malami da nas da magini da mai sa hannu a ofis, kowannenmu ya san inda ya ja layi kafin ya ɗaure. Ba sai an nuna mana ba. Mu koma mu faɗa tun abin na tsaye.

An ce har yanzu ƙarfe shida da rabi Baba kan fito bakin layinsu, inda ake hango tudun daga nesa, ya ɗaga kai leɓensa na motsi. Maƙwabta sun koyi jira da gaisuwarsu. Yakan bi fankokin da sauri, ɗaya, biyu, uku, amma in ya zo kan ta tara sai ya ɗan daɗe. Tana nan tana juyawa.